Dalilin Da Ya Sa Wasiƙun Talla Na Halal Ke Ƙarewa A Kwandon Tarkace

A kullum garin Allah ya waye, dubban 'yan kasuwa da kamfanoni a Legas, Abuja, Ibadan, Fatakwal da sauran biranen ƙasar nan suna aika wasiƙun imel ga abokan cinikinsu na gida da na waje, wasu don sanar da isowar sabon kaya, wasu don bayyana rangwamen farashi, wasu kuma don neman sabuwar hulɗa. Kwamfuta takan nuna musu cewa saƙo ya tafi, sai su zauna jiran amsa. Idan mako ya zagayo shiru, sai a ɗora laifin a kan tsadar rayuwa, ko a ce masu saye ne ba su da niyya. To amma sau da yawa ba a ma karanta wasiƙar ba, domin kuwa kamfanin da ke riƙe da akwatin wanda aka aika wa ya karɓe ta, ya auna ta, sannan ya jefa ta cikin kwandon tarkacen saƙonni, inda yawancin mutane ba sa leƙawa. A Gmail, duk wasiƙar da ta yi kwana 30 a wannan kwando goge ta ake yi, kuma babu wanda zai sanar da mai aikawa.

A ɗauki misalin mai fitar da riɗi da zoɓo da busasshiyar citta ta tashar jiragen ruwa ta Apapa. Yana da rajista da Hukumar Yi Wa Kamfanoni Rajista, yana da takardar Hukumar Bunƙasa Fitar Da Kayayyaki, yana biyan haraji, kuma bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Ya halarci bajekoli, ya tara katunan mutane, ya dawo ofis ya aika musu jerin farashinsa. Duk waɗannan takardu nasa babu ko ɗaya da rariyar Gmail ko Outlook ko Yahoo ke gani. Abin da take son sani shi ne ko za a iya tabbatar da cewa shi ne ya aiko wasiƙar, da irin sunan da ya yi a wasiƙunsa na baya, da kuma yadda mutanen da yake aika wa suke karɓarsu. Kasancewar kasuwanci na halal daban, kasancewar wasiƙa abar so ga mai karɓa daban, kuma a kan na biyun ne ake yanke hukunci.

Kafin a ga laifin wannan rariya, ya kamata a san abin da ya haife ta. Ƙa'idar da ake aika imel da ita har yau, wadda ake kira SMTP, Jon Postel ne ya wallafa ta a shekarar 1982, a zamanin da masu amfani da hanyar ba su wuce malaman jami'o'i da ma'aikatan cibiyoyin bincike ba, kuma kusan kowa ya san kowa. Saboda haka ba a tanadi wata hanya ta binciken mai aikawa ba. Mutum na iya rubuta duk sunan da ya ga dama a gurbin mai aikawa, kamar dai yadda zai rubuta adireshin wani a bayan ambulan ya jefa a gidan waya. Tun kafin wannan ma, a watan Mayu na 1978, wani jami'in talla na kamfanin kwamfuta na DEC a Amurka, mai suna Gary Thuerk, ya aika sanarwar sababbin na'urori ga mutane kusan 400 a hanyar ARPANET ba tare da sun nema ba, abin da ya jawo masa tsawatarwa. Abin lura a nan shi ne, wannan wasiƙa da ake ɗauka ita ce ta farko a tarihin tarkacen saƙonni ba ta ɗan damfara ba ce. Tallan kamfani ne mai rajista, kuma kayan da ake tallatawa na gaskiya ne.

A watan Afrilu na 1994 wasu lauyoyi biyu a jihar Arizona, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa tallan aikinsu na neman takardar zama a Amurka ga dubban zaurukan Usenet a lokaci guda, kuma daga nan ne aka gane cewa abin ya zama sana'a. Sunan da Turawa suka laƙaba wa irin waɗannan saƙonni, wato Spam, asalinsa sunan wani naman gwangwani ne na kamfanin Hormel, wanda 'yan wasan barkwanci na Monty Python suka yi ta nanatawa a wani shirin talabijin a Ingila a 1970 har ya hana kowa jin maganar kowa. A watan Janairu na 2004, a taron tattalin arziki na Dabos, Bill Gates ya yi hasashen cewa za a kawo ƙarshen matsalar cikin shekara biyu. Bayan kusan shekara ashirin, a watan Oktoba na 2023, kamfanin Google ya bayyana cewa Gmail kaɗai yana tare saƙonnin da ba a so kusan biliyan 15 a kowace rana. Wanda ke gadin ƙofar da irin wannan ambaliya ke bugawa ba zai tsaya kyautata wa baƙo zato ba.

'Yan kasuwarmu na kurmi sun san wannan al'amari tun kafin zuwan kwamfuta. Falken da ya kawo shanu Sabon Ibadan, ko ya zo sayen goro, ba ya shiga kasuwa kai tsaye ya ce a amince masa. Yakan sauka wurin maigida, wanda ya san masu saye, ya san wanda ke biyan bashi da wanda ke taurin bashi, kuma shi ne ke tsaya wa ciniki. Baƙon da babu mai tsaya masa, ko da zuciyarsa fara ce fat, sai an yi taka-tsantsan da shi. A duniyar imel, abubuwa uku ne ke tsaya wa wasiƙa, kuma rashinsu na daga cikin manyan dalilan da ke jefa wasiƙun kamfanonin kirki cikin kwando.

Na farko shi ne SPF. Duk kamfanin da ke da sunan gida nasa na intanet, wato abin da ke biyo bayan alamar @ a adireshinsa, yana iya rubutawa a kundin rajistar sunaye na intanet, wanda ake kira DNS, jerin kwamfutocin da ya yarda su aika wasiƙa da sunansa. Idan wasiƙa ta iso, mai karɓa yakan duba ko kwamfutar da ta kawo ta tana cikin jerin. Na biyu shi ne DKIM, wanda wani hatimi ne na lissafi da ake bugawa a jikin kowace wasiƙa. Mai karɓa yakan gwada hatimin da makullin da kamfani ya ajiye a wancan kundi, kuma idan aka taɓa wasiƙar a hanya hatimin ba zai yi daidai ba. An kammala tsara ƙa'idar SPF ta farko a 2006, ta DKIM kuma a 2007. Na uku, DMARC, wanda manyan kamfanoni suka sanar a watan Janairu na 2012, shi ne ya ɗaure biyun farko. Yana buƙatar sunan da mai karatu ke gani a gurbin mai aikawa ya dace da sunan da SPF ko DKIM ya tabbatar, sannan yana ba mai suna damar faɗin abin da za a yi da wasiƙar da ta kasa cin wannan jarrabawa: a ƙyale ta, a jefa ta kwando, ko a ƙi karɓarta ɗungurungum.

Inda kamfanoni da yawa ke tuntuɓe shi ne wajen rarraba aiki. Wasiƙun yau da kullum suna fita ta wani kamfani, takardun neman biyan kuɗi suna fita ta manhajar akanta, talla kuma ta hannun dillalan aika saƙo irin su Mailchimp ko Brevo. Ma'aikacin da ya kafa adireshin kamfani shekaru biyar da suka wuce ya bar aiki, kuma babu wanda ya koma kundin ya ƙara sababbin hanyoyin. Sai ka ga wasiƙar talla ta fita da sunan kamfani a sama, amma hatimin da ke jikinta na dillali ne. Wani kuma yakan yi ta cusa sunaye a jerin SPF har ya wuce iyaka, domin ƙa'idar ba ta yarda bincike ya wuce sau 10 ba, kuma da zarar an wuce haka jerin ya tashi daga aiki. Gyaran duk waɗannan bai fi aikin yini guda ba ga wanda ya san hannunsa, amma sai an san da matsalar tukuna.

Akwai kuma wani kuskure da ya zama ruwan dare a tsakanin ƙananan 'yan kasuwa, wato yin talla da adireshin kyauta na Yahoo ko Gmail ta hanyar dillali. Tun watan Afrilu na 2014 Yahoo ya umarci duk masu karɓar wasiƙu a duniya da su ƙi duk wasiƙar da ta zo da sunansa alhali ba daga kwamfutocinsa ta fito ba. Google shi ma ya gargaɗi masu aikawa da kada su ari sunan Gmail ta wannan hanya. Wanda ke son yin talla ta imel ba shi da makawa sai ya mallaki sunan gida nasa, ko dai na .com ko na .ng da .com.ng, waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da rajistarsu a ƙasar nan.

Da can waɗannan abubuwa shawara ce kawai, wanda ya bi ya bi, wanda ya ƙi ya ƙi. A watan Oktoba na 2023 Google da Yahoo suka sanar da cewa daga watan Fabrairu na 2024 sun zama wajibi. Bisa sharuɗɗan Google, duk mai aika wasiƙu kimanin 5,000 ko fiye a rana zuwa akwatunan Gmail tilas ya kasance da SPF da DKIM da DMARC gaba ɗaya, ya sanya hanyar da mai karɓa zai fice daga jerinsa da dannawa ɗaya, kuma ya cika wannan buƙata cikin kwana biyu. Mai aika ƙasa da haka ma sai ya kasance da aƙalla SPF ko DKIM. Kamfanin Microsoft ya bi sahu a ranar 5 ga Mayu, 2025, a kan akwatunan Outlook da Hotmail. Waɗannan kamfanoni uku, idan aka haɗa da Apple, su ke riƙe da mafi yawan akwatunan imel na jama'a a ƙasashen da muke ciniki da su, don haka sharaɗinsu ya zama tamkar doka, ko da yake babu majalisar da ta zauna a kansa.

Sai dai kuma tabbatar da suna ba ya nufin samun shiga. Abin da hatimi ke yi shi ne ya nuna wa mai gadi ko wane ne kai, daga nan kuma sai ya buɗe littafinsa ya duba halinka. Hasali ma 'yan damfara da yawa sun iya buga hatimi fiye da 'yan kasuwa. Wannan littafi na hali ya shafi sunan gidanka da kuma lambar IP ta kwamfutar da ke aika maka wasiƙu, kuma a nan ne maƙwabtaka ke cutar da mutum. Yawancin ƙananan kamfanoni suna hayar wuri mai araha ne, inda ɗaruruwan shafuka ke amfani da kwamfuta ɗaya da lamba ɗaya. Idan ɓarayin intanet suka kutsa shafin ɗaya daga cikinsu suka yi ta watsa saƙonnin banza, lambar takan shiga jerin baƙaƙen lambobi irin wanda ƙungiyar Spamhaus ke tattarawa tun kafuwarta a 1998, kuma kamfanoni masu yawa a duniya da wannan jeri suke aiki. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Mai sayar da atamfa a Balogun bai san hawa ba bai san sauka ba, sai ya ga wasiƙunsa sun daina isa.

Sabon suna shi ma abin tuhuma ne. 'Yan damfara sukan yi rajistar suna yau, su watsa saƙonni gobe, su yar da shi jibi. Saboda haka idan kamfani ya buɗe sabon adireshi a wannan mako, ya aika wasiƙu 20,000 a mako mai zuwa, ya yi daidai da abin da rariya ta saba gani wurin miyagu. Haka ma wanda ya yi shiru wata goma sha ɗaya, sannan ana gab da Sallah ko Kirsimeti ya juye wa duk jerinsa talla a rana guda. Masu sanin aikin sukan fara da kaɗan, ga mutanen da suka tabbata za su buɗe su karanta, su riƙa ƙarawa a hankali cikin makonni.

Amma a ganinmu, babu abin da ke kashe sunan kamfani kamar yadda ya samo adiresoshin da yake aika wa. Ana tallata jerin adiresoshi a ko'ina, dubu ɗari a kan 'yan kuɗi kaɗan, wai na manajoji, ko na masu shigo da kaya a Dubai da Turai. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Irin wannan jeri an sayar wa mutum ɗari kafin kai, kuma masu adiresoshin sun gaji da ganin baƙin sunaye. Wani kaso na adiresoshin sun mutu, domin mutane suna canja wurin aiki, kamfanoni suna rufewa, kuma tun watan Disamba na 2023 Google ya fara goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba. Duk wasiƙar da ta dawo saboda babu mai adireshi ana rubuta ta a littafin mai aikawa, domin alama ce ta wanda bai san mutanen da yake rubuta wa ba.

Mafi muni shi ne tarko. Ƙungiyoyin yaƙi da tarkacen saƙonni da kamfanonin imel sukan ƙirƙiri adiresoshin da ba na kowa ba, su watsa su a shafukan intanet inda manhajojin tsintar adireshi ne kaɗai za su gan su. Wani lokaci kuma sukan ɗauki tsohon adireshin da mai shi ya daɗe da yasarwa su mai da shi tarko. Tun da babu ɗan Adam a bayan irin wannan adireshi, ba zai yiwu a ce wani ya nemi a aiko masa talla ba, don haka duk wanda ya aika ya tona wa kansa asiri. Babu wanda zai gaya maka wane adireshi ne tarkon a cikin jerinka.

Sannan ga hukuncin su kansu masu karɓa. A jikin kowane akwatin imel akwai maɓallin kai ƙara, wanda mutum ke dannawa ya ce wannan saƙo tarkace ne. Google ya gindaya cewa yawan irin wannan ƙara kada ya kai kashi 0.3 cikin 100, ya kuma ba da shawarar a tsaya ƙasa da kashi 0.1. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: a cikin wasiƙu 5,000 da suka shiga akwatunan jama'a, mutum 15 kacal sun isa su kai kamfani bakin iyaka, mutum 5 kuma sun isa su fitar da shi daga sahun masu lafiya. Kuma ba sai mutum yana ganin kai ɗan damfara ne zai danna ba. Wani ya manta ya taɓa ba ka katinsa. Wani ya sayi kaya sau ɗaya shekara uku da suka wuce, yanzu kullum sai ya ga saƙonka. Wani ya nemi hanyar ficewa bai gani ba, domin an ɓoye ta da ƙananan haruffa a can ƙasa, ko an ce sai ya shigar da kalmar sirri. Ɗan kasuwar da ke ɓoye ƙofar fita don kada jerinsa ya ragu, kansa yake cuta, domin wanda ya fice ya tafi shi kaɗai, amma wanda ya kai ƙara yakan ja sauran wasiƙun zuwa kwando.

Ko ba a kai ƙara ba, rariya tana lura da abin da mutane ke yi da wasiƙa. Idan suna amsawa, suna tsamo ta daga kwando, suna ajiye adireshin mai aikawa a littafinsu, wannan shaida ce mai kyau. Idan kuwa wata da watanni suna gogewa ba tare da sun buɗe ba, to an gane. Wannan ne ya sa wasiƙa ɗaya za ta shiga babban akwatin Alhaji, amma ta faɗa kwandon ƙaninsa. A nan ma akwai wani ruɗi da ya kamata a sani: tun watan Satumba na 2021, manhajar wasiƙu ta Apple tana iya buɗe hotunan da ke cikin saƙo da kanta don kare sirrin masu wayoyinta, abin da ke sa alƙaluman dillali su nuna an karanta wasiƙar da babu wanda ya kalla. Wanda ke auna nasarar tallansa da yawan buɗewa kaɗai yana iya zama cikin farin ciki alhali kasuwarsa na zubewa.

Game da abin da ke cikin wasiƙar kuwa, an daɗe ana yaɗa cewa akwai wasu kalmomi haramtattu, irin su kyauta da garaɓasa da gaggawa, waɗanda da zarar an rubuta su shi ke nan. Wannan magana tana da tushe. A watan Agusta na 2002 wani masanin kwamfuta, Paul Graham, ya wallafa wata maƙala da ta yaɗa dabarar ƙirga kalmomi, inda manhaja ke koyon waɗanne kalmomi suka fi yawa a saƙonnin banza, waɗanne kuma a na kirki. Amma rariyar yau ta wuce nan nesa, kuma kamfani mai kyakkyawan suna yana rubuta rangwame da kyauta ya wuce lafiya. Abin da ya fi jawo tuhuma shi ne siffar wasiƙar. Al'adar nan tamu ta zana talla a hoto guda, a manna shi ba tare da ko layi ɗaya na rubutu ba, tsohuwar dabara ce ta masu gudun rariya. Haka nan taƙaitaccen mahaɗi da ke ɓoye inda zai kai mutum, da mahaɗin da ke nuna wani suna amma ya kai wani wuri dabam, da maƙala ƙunshin fayil ga wanda bai nema ba, da kanun wasiƙa da manyan haruffa zalla, da yi wa sabon saƙo alamar amsa don a ɗauka ci gaban tsohuwar magana ce.

A nan dole a faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Wasiƙun damfara da duniya ta sani da lambar 419, wadda aka ɗauko daga sashen dokar manyan laifuffuka ta Nijeriya, sun yi shekaru suna yawo, tun daga zamanin ambulan da fakis har zuwa imel, kuma da irinsu aka horar da manhajojin tacewa. Salonsu sananne ne: doguwar gaisuwa ga wanda ba a sani ba, neman hulɗar kasuwanci cikin gaggawa da sirri, ambaton maƙudan daloli, da roƙon a amsa ta wani adireshi dabam. Abin takaici, ɗan kasuwa mai gaskiya da ya koyi rubuta wasiƙar ofis irin ta da, mai cike da ladabi da kirari, yakan rubuta abin da ya yi kama da wannan ba da saninsa ba. Gajeriyar wasiƙa da ta ambaci inda aka haɗu, da irin kayan, da yawansu, da tashar da za a ɗora su, ta fi tsira, kuma ta fi samun amsa.

Manyan kamfanonin ƙasashen waje suna da ƙarin rariya tasu, daga kamfanoni irin su Proofpoint da Mimecast, kuma abin da suka fi tsoro shi ne damfarar sauya lambar asusu, inda ɓarawo ke shiga rigar mai kawo kaya ya aiko takardar neman biya da asusunsa. Hukumar FBI ta Amurka ta ce ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa kan irin wannan damfara a 2023 sun haura dala biliyan 2.9. Don haka DMARC ya wuce batun talla. Mai fitar da kaya da bai kulle sunansa ba ya bar ƙofa a buɗe ga wanda zai rubuta wa abokin cinikinsa da sunansa, ya karɓe kuɗin kwantena guda.

Doka ita ma tana da nata, ko da yake ba ita ke juya rariya ba. Dokar CAN-SPAM ta Amurka, wadda aka sanya wa hannu a 2003, ta yarda a aika talla ba tare da izini ba muddin ba a yi ƙarya a suna da kanu ba, an rubuta adireshin ofis, kuma an cire wanda ya nemi ficewa cikin ranakun aiki 10. Kanada tun 2014 ta ce sai da izini. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta tsaurara ma'anar izini, kuma tararta na iya kai Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin shekara. A gida kuma, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta watan Yuni na 2023 ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma ba kowane mutum 'yancin hana a yi amfani da bayanansa don tallata masa kaya. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Mai karatu zai lura cewa inda dokar Amurka ta ba da ranakun aiki 10, Google kwana biyu ya bayar. Ana iya cika doka tsaf, wasiƙa kuma ta kwana a kwando.

Ya kamata a bambanta kwando da sashen tallace-tallace da Gmail ya ƙirƙiro a 2013. Wasiƙar da ta shiga can ta isa, an dai ajiye ta a layin 'yan'uwanta ne, kuma mai neman rangwame can yake dubawa. Ɓata lokaci ne a yi ta dabarun sa talla ya yi kama da wasiƙar aboki.

Ba za a ce tsarin nan adali ne ta kowace fuska ba. Ana yanke wa ɗan kasuwa hukunci ba a kira shi ba, ba a gaya masa laifinsa ba, kuma babu kotun ɗaukaka ƙara sai wasu takardun koke da ake cikewa a jira. Google yana da wani dandali na kyauta, Postmaster Tools, inda mai suna zai ga yawan ƙarar da ake kai shi, amma ba ya nuna komai sai wasiƙu sun kai wani adadi a rana, wato ƙaramin ɗan kasuwa da ya fi buƙatar haske shi ne aka bari cikin duhu. Babban kamfani yana da ma'aikata na musamman don wannan aiki. Mai shago a Wuse ko Mile 12 ba shi da kowa sai yaron da ya kafa masa shafi.

Duk da haka akwai binciken da kowa zai iya yi a ofishinsa yau. A aika wasiƙar gwaji daga kowace hanya da kamfani ke amfani da ita, ta ofis da ta akanta da ta talla, zuwa wani akwatin Gmail. A buɗe ta a kwamfuta, a zaɓi umarnin nuna asalin saƙo, za a ga layuka uku na SPF da DKIM da DMARC, kowanne da sakamakonsa, tare da sunan da aka tabbatar. Idan ɗaya ya faɗi, ko sunan da ya fito ba na kamfani ba ne, to an ga bakin zaren. Daga nan sai a raba talla da wasiƙun ciniki, kowanne da reshen sunansa, domin kada ƙarar da aka kai kan tallan Sallah ta shafi takardar neman biyan kuɗi. A cire duk adireshin da ya dawo da wasiƙa, a ware waɗanda suka yi wata shida ko shekara ba su motsa ba, a tambaye su sau ɗaya ko suna son ci gaba, wanda bai amsa ba a sallame shi. Katin da aka karɓa a bajekoli kuwa izini ne na rubuta wa mutum wasiƙa ɗaya da hannu, a cikin makon da aka haɗu, tun bai manta fuska ba. Kamfanin da sunansa ya riga ya ɓaci zai jira makonni, wani lokaci watanni, yana aika kaɗan-kaɗan ga waɗanda ke amsa masa, kafin Gmail da Outlook su sake buɗe masa babban akwati.